LBBB a takardar ECG: lamarin wani dattijo ɗan kasuwar hatsi, daga hawan jini har zuwa sa batirin zuciya

Idan aka yi wa mutum gwajin ECG, wato gwajin da ke zana tafiyar lantarkin zuciya a takarda, injin da kansa yake buga ra'ayinsa a saman takardar tun kafin likita ya gani, kuma cikin abubuwan da suka fi saurin tayar wa iyali hankali akwai su ga an rubuta LBBB. Abin da ake nufi shi ne reshen hagu na hanyar da lantarki ke bi a cikin zuciya ya daina wuce da saƙo, ko kuma yana wucewa da shi a makare. Lamarin mutum ɗaya zan kawo tun daga zuwansa har inda muke yanzu, don a kansa kusan duk tambayoyin da ake min sun taso, me ke kawo shi, yana da magani ko babu, yaushe ake maganar sa na'ura. Na cire duk abin da zai sa a gane shi.

Dattijo ne ɗan shekara 64, yana harkar hatsi a Dawanau, babban ɗansa ne ya kawo shi. Abin da ya kawo su haki ne, kusan wata uku kenan yana ƙaruwa a hankali, da farko sai in ya hau bene ko ya ɗan yi sauri, daga baya masallacin bakin layinsu ma sai ya tsaya a hanya ya dafa bango kafin ya ƙarasa. Da daddare baya iya kwanciya a miƙe, filo uku yake tarawa, duk da haka wajen ƙarfe biyu ko uku sai ya farka numfashi na neman ɗaukewa ya zauna bakin gado yace a buɗe taga. Ƙafafu sun kumbura takalmi sau ciki ya daina shiga sai silifa. Ga tarin dare da aka yi ta sayo masa magani a kemis, har wani yace asma ce aka ba shi abin shaƙa. Babu ciwon ƙirji, kuma bai taɓa suma ko yanke jiki ya faɗi ba, wannan tambayar sai da na maimaita ta ga shi da ɗan nasa.

Nace Baba an taɓa gaya muku kuna da hawan jini? Yace ai tun shekarar da za shi Hajji aka gaya masa, sama da shekara goma, har aka rubuta masa amlodifin. Nace kuna sha? Sai yayi murmushi yace "Likita ina sha mana, duk ranar da na ji kaina ya yi nauyi." Toh wannan amsar mun saba jin ta, kuma ita ce ke cika mana gadaje, don hawan jini yawanci baya sa ciwon kai, yana nan yana aikinsa shiru. Ɗan ne ya ƙara da cewa gwiwa na damunsa, kullum sai ya sha diklofenak, wani lokacin safe da yamma. Baya shan taba, ba a taɓa ce masa yana da suga ba.

Da muka duba shi jini 168/104, bugu 102 a minti amma a daidaice, iskar oksijin kashi 91. Jijiyoyin wuya sun cika sun miƙe, ƙasan huhu biyu ana jin ƙarar ruwa, hanta ta sauko tana masa zafi in an danna, ƙafa kuwa in ka danna yatsa ramin na nan har kusa da gwiwa. Tun kafin wani gwaji an san zuciya ce ta gaza.

ECG ɗin ne ya ƙara mana wani abu. Takardar tana da ƙananan gidaje, kowane ƙaramin gida milisakan 40 ne in tana tafiya a saurin da aka saba na milimita 25 a sakan. Tsinin da ake kira QRS shi ke nuna lokacin da lantarki ya ɗauka kafin ya game ɗakunan ƙasa biyu, a lafiyayyen mutum siriri ne baya cika gida uku. Da ya kai gida uku, milisakan 120 kenan, an san akwai tsaiko a hanya. Na Baba ya ɗan wuce gida huɗu, injin ya auna 164. A layukan da ke kallon zuciya daga hagu, wato I da aVL da V5 da V6, tsinin ya yi faɗi da ɗan gibi a samansa, a V1 kuma ya nutse ƙasa sosai. Wannan siffar ita ce LBBB, babu tantama.

Yadda abin yake, saƙon bugawa yana tashi ne daga wani ɗan wuri a saman zuciya ta ɓangaren dama, ya bi ɗakunan sama, ya ɗan dakata a wata mahaɗa a tsakiya wadda masanin nan ɗan Japan Sunao Tawara ya bayyana a 1906, sannan ya shiga wata gajeriyar igiya da ake kira da sunan Wilhelm His wanda ya gano ta a 1893. Igiyar nan ita ce ke rabuwa biyu, reshe ɗaya zuwa ɗakin dama ɗaya zuwa na hagu, don su matse a tare. In reshen hagu ya mutu saƙon sai ya sauka ta dama kaɗai, ɗakin dama ya matse, sannan ya ratsa bangon tsakiya ta cikin tsoka a hankali ya lallaɓa zuwa hagu. Bangon tsakiya ya riga ya matse ya fara saki kafin bangon gefe ya samu labari. Da nake yi wa Baba bayani nace masa kamar 'yan dako biyu ne za su ɗora buhun masara a mota, ɗaya ya ɗaga kunnensa ya gama kafin ɗayan ya sunkuya, buhun lilo kawai zai yi, ƙarfin ya tafi a banza. Yace wannan kam ya gane, ai yaro irin wannan korar sa ake yi.

Ɗan nasa yana ta tambaya ko jijiyar jini ce ta toshe za a yi aiki a buɗe ta. Ba ita bace, hanyar lantarki daban jijiyar jini daban, amma tambayar tasa ita ce ta farko da mu ma muke yi wa kanmu, don toshewar jijiyar jinin zuciya, hat atak kenan, tana iya kashe reshen hagu farat ɗaya, kuma LBBB yana ɓata fasalin ECG yadda alamun hat atak da muka saba nema basa karantuwa. A da duk wanda ya zo da sabon LBBB ana ɗaukar sa kamar mai hat atak ne kai tsaye, sai ƙa'idojin Amurka na 2013 suka ce shi kaɗai bai isa hujja ba. Abin da ake amfani da shi ma'aunin da Elena Sgarbossa da abokan aikinta suka fitar ne a 1996. A LBBB na yau da kullum layin ST, wato ɗan layin da ke biyo bayan tsinin QRS, yana karkata ne sabanin inda QRS ya nufa, in ka ga sun nufi waje ɗaya da milimita ɗaya ko fiye toh ka tashi tsaye. Na Baba sabanin juna suke yadda ake tsammani. Mun aika gwajin turofonin, sinadarin da ke tashi a jini in tsokar zuciya ta ji rauni, sau biyu da tazarar awanni, ya ɗan ɗaga kaɗan amma bai motsa ba tsakanin na farko da na biyu, irin abin da ake gani a zuciyar da ta gaji. Da akwai tsohon ECG da aikin ya fi sauƙi, amma babu, bai taɓa yi ba. Shi yasa duk wanda aka samu da LBBB nake cewa ya ɗauki hoton takardar a wayarsa, ya kuma yi kwafi ya ajiye, tawadar takardar nan gogewa take yi cikin 'yan watanni, ballantana a zafin Kano.

Sauran gwaje-gwaje ba su da wani dogon labari. Sinadarin fotasiyam na cikin jini daidai, wannan muna duba shi da wuri don in ya hau sosai shi ma yana faɗaɗa QRS. Ƙoda ta ɗan taɓu kaɗan, suga lafiya, babu ƙarancin jini, makoƙo lafiya. Hoton ƙirji ya nuna zuciya ta yi girma da ruwa a huhu.

Eko, wato hoton zuciya na sauti, shi ne gwajin da duk mai LBBB ya kamata ya yi ko da baya jin komai, don shi ke raba mutane gida biyu. A wajen Baba ɗakin hagu ya buɗe ya yi faɗi, kuma abin da yake fitarwa a kowane bugu kashi 25 ne kacal cikin ɗari na jinin da ke cikinsa, alhali lafiyayye yana fitar da sama da kashi 50. Ƙofar babbar jijiya lafiya lau take buɗewa, ƙofar da ke tsakanin ɗakin sama da na ƙasa a hagu tana yoyo saboda ɗakin ya faɗaɗa ya ja ta. Na juya allon na nuna wa ɗan, ana gani ƙarara bangon tsakiya ya yi wata 'yar zabura da wuri ya koma, can sai bangon gefe ya biyo, ƙasan zuciyar yana rausaya gefe da gefe maimakon ya matse ciki.

Me ya kawo masa? Abubuwan da ke lalata reshen hagu sanannu ne. Hawan jini na shekaru da ke kaurara tsoka ya bar mata tabo, cutar jijiyoyin jinin zuciya, ƙanƙancewa ko yoyon ƙofar babbar jijiya wadda take daf da inda reshen ya ratsa, raunin tsokar zuciya na gado ko na giya ko na bayan haihuwa ko bayan ƙwayar cuta ta kumbura tsokar, tsufan hanyar lantarkin ita kanta, wasu magungunan daidaita bugu, da kuma bayan aikin canza ƙofar zuciya. A Turai da Amurka in aka ga haka jijiyoyin jini ake fara zargi. A nan kuwa binciken THESUS-HF da aka buga a 2012, wanda aka yi a ƙasashen Afirka tara har da Najeriya, ya nuna hawan jini ne ke bayan kusan rabin waɗanda aka kwantar da gazawar zuciya. Na Baba ma can na fi karkata, diklofenak ɗin kuma ya ƙara tura shi don yana sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa yana kuma matsa wa ƙoda. Sai dai akwai abin da ba a cika faɗa wa mutane ba, LBBB alama ce ta ciwon da ke ƙasa, amma in ya daɗe shi ma da kansa yana ƙara raunana zuciya saboda wannan rashin matsewa tare. A mutum irin Baba ba za ka iya cewa kaza na hawan jini ne kaza na LBBB ba, sai ka yi maganin na farko ka ga abin da ya rage.

Bari in ɗan tsaya a nan don masu karatu da aka taɓa ce musu suna da LBBB. Babu wata ƙwaya ko allura da ke gyara reshen, kuma akwai mutane da yawa musamman tsofaffi da eko ɗinsu yake lafiya basa jin komai, su ba abin da za a yi musu sai kula da hawan jini da suga da kitse, da maimaita eko lokaci-lokaci. Abin da ke canza lissafi shi ne haki, kumburi, ciwon ƙirji, ko suma. Suma ita ce dalilin da na nace wa Baba da tambaya, don mai LBBB reshe ɗaya ya rage masa, in shi ma na daman yana ɗaukewa jefi-jefi bugu na iya tsayawa na 'yan sakanni, wannan sai an ɗaura masa na'urar da ke naɗar bugu ta kwana ɗaya ko fiye, kuma sau da yawa ƙarshenta sai an sa batir.

Mun ba shi gado. Allurar Lasix ta jijiya mai fitar da ruwa ta fitsari, awon nauyi kowace safiya a sikeli ɗaya, kafin a sallame shi ya sauke kilo shida, duk ruwa ne. Diklofenak muka hana gaba ɗaya, gwiwa sai farasitamol da na shafawa. Sannan muka shiga magunguna huɗun da su ne ginshiƙin maganin zuciya mai rauni, waɗanda aka tabbatar suna tsawaita rai ba rage kumburi kawai ba. Lisinofiril, sifironolakton wanda binciken RALES na 1999 ya nuna ya rage mutuwa da kashi 30, dafaglifulozin miligiram 10, sai bisofirolol da muka jira sai da huhu ya bushe sannan muka fara da ɗan mitsitsi miligiram 1.25 muna ƙarawa duk bayan sati biyu ko fiye. Amlodifin muka ajiye don a bar wa waɗannan fili, in ba haka ba jini zai yi ƙasa da yawa kafin a kai su inda ake so. Mun duba fotasiyam da ƙoda bayan sati guda, wannan ba abin wasa bane, lisinofiril da sifironolakton duk suna ɗaga fotasiyam, shi yasa ba magungunan da mutum zai ga sunansu a intanet ya je kemis ya saya bane.

Zuwansa na farko bayan sallama ya zo da ƙorafi biyu. Yace yaron kemis ya gaya masa ɗaya daga ciki maganin suga ne, shi kuma an ce ba shi da suga, ko an haɗa masa da na wani ne? Ya ma daina sha. Gaskiyar yaron ce don suga aka fara yin sa, amma binciken DAPA-HF na 2019 ya nuna yana taimakon zuciya mai rauni ko da mutum ba shi da suga. Na biyun tari ne busasshe mai ƙaiƙayin maƙogwaro, sanannen halin lisinofiril, sai muka canza zuwa losatan. Akwai wani maganin da ake ba da shi a madadin waɗannan mai suna Entresto, ya fi ƙarfi a bincike amma kuɗinsa duk wata ba kowane gida ke iyawa ba, kuma ni dai na fi son maganin da za a iya saye kullum a kan wanda za a sha wata biyu a tsaya.

Maganar abinci da Hajiya muka yi ta, ita ce mai tukunya. Hukumar Lafiya ta Duniya tace gishiri kada ya wuce giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen magi mafi yawansa gishiri ne. Tace "Likita ai na daina sa masa gishiri gaba ɗaya, magi kawai nake ƙarawa." Sai da muka bi su ɗaya bayan ɗaya, magi, yajin tsire, kilishi, taliyar yara da garin da ke cikin ledarta, da kanwar da ake sa wa miyar kuka da ɗanwake, ita ma sodiyam ce, sinadarin nan da ke cikin gishiri. Ba a ce a ci lami ba, daddawa da albasa da tafarnuwa da citta suna nan.

Bayan kusan wata biyar ya kai yawan maganin da jikinsa ke ɗauka, jini 118/74, kumburi ya tafi, yana kwana da filo ɗaya, amma har yanzu in ya zaga rumfuna biyu uku sai ya nemi benci. Eko ya nuna kashi 31, QRS 162, kusan bai motsa ba. A nan ne maganar na'ura ta shigo, kuma ƙa'idar a fili take: mai alamun gazawar zuciya, abin da take fitarwa kashi 35 ko ƙasa, LBBB da QRS 150 ko sama, bayan aƙalla wata uku a kan cikakken magani. Baba ya cika duka. Na'urar ana kiranta CRT, batir ne ƙarami da ake sawa ƙarƙashin fata a ƙasan ƙashin wuya, yawanci hagu, da allurar kashe zafi ba a buɗe ƙirji. Wayoyi uku ake zurawa ta jijiya, ɗaya ɗakin sama na dama, ɗaya ɗakin ƙasa na dama, ta ukun kuma ta bi wata jijiya da ke zagaye bayan zuciya ta kwanta a bangon gefen hagu, wancan da ke makara. Sai ta riƙa tayar da ɓangarorin biyu lokaci ɗaya. Binciken CARE-HF na 2005 a kan mutum 813 ya nuna ta rage mutuwa da kashi 36. Amma na gaya musu kusan ɗaya cikin uku basa samun sauƙin da ake so, duk da cewa masu LBBB mai faɗi irin nasa su suka fi dacewa. Akwai sabuwar hanya da likitocin Sin suka bayyana a 2017 inda ake murɗa waya ɗaya cikin bangon tsakiya ta kamo reshen hagu a ƙasan wurin da ya lalace, tana yaɗuwa sosai, amma tsohuwar hanyar ita ke da dogon tarihin bincike.

Kuɗin miliyoyi ne, kuma wuraren da ake yi a ƙasar nan 'yan kaɗan ne, inshora ma ba shi da ita. Akwai nau'in na'urar mai haɗe da abin da ke ba zuciya shokin in bugu ya haukace, ya fi tsada nesa ba kusa ba. Kafin a yanke an yi masa hoton jijiyoyin jinin zuciya aka ga babu wata toshewa mai ma'ana, kuma binciken DANISH na 2016 bai nuna mai shokin ɗin ya rage mutuwa gaba ɗaya ba ga waɗanda rauninsu ba daga jijiyoyin jini yake ba, don haka likitan zuciyar da zai yi aikin ya yarda a sa marar shokin. Shi Baba ba kuɗin ne ya dame shi ba, cewa yayi "To ranar da batirin ya ƙare fa, shikenan sai a shimfiɗe ni?" Nace Baba batirin shekaru yake yi, ana duba shi da na'ura a ga saura nawa tun da sauran watanni, a ciro a sa wani wayoyin na nan a wurinsu, kuma zuciyarku tana bugawa da kanta, shi daidaita ta kawai yake. Ya ɗauki lokaci yana shawara da 'yan uwa, 'ya'yan suka haɗa abin da suka haɗa aka sayar da wani fili, aka je aka yi.

ECG na bayan aiki QRS ya dawo 128. Bayan wata shida eko ya nuna kashi 43, ɗakin hagu ya ɗan tsuke, yoyon ƙofar ya ragu, ya koma kasuwa rabin yini. Magunguna huɗun suna nan ba a cire ko ɗaya ba, Lasix ne kawai muka rage, wannan sai da na jaddada don ya ɗauka batir ya fanshe shi daga shan ƙwaya. Yana yawo da katin na'urar a aljihu don filin jirgi, waya baya sa ta a aljihun gaban riga na hagu, an kuma ce ya nisanci injin walda da sunkuyawa kan janareto yana aiki.

Abin da muke kai yanzu azumi ne. Ƙodarsa dama ba cikakkiya bace, ga Lasix da dafaglifulozin duk suna fitar da ruwa, ga sifironolakton da fotasiyam, in aka haɗa da yini guda babu ruwa a lokacin zafi ina tsoron abin da zai biyo baya. Na gaya masa ra'ayina na likita shi ne bana kada ya ɗauka, hukuncin ramuwa ko ciyarwa ya tambayi malaminsa. Yace zai gwada na nafila guda biyu a Sha'aban ya gani, nace in dai sai ya yi toh a mayar da Lasix bayan shan ruwa, ya auna nauyi da jini safe da yamma, in ya ji jiri ya karya, kuma ya zo a ɗebi jini a duba ƙoda da fotasiyam washegarin na biyun kafin mu sake magana.